Teɓa ba arziki ba ce, kumburi ba ƙiba ba ne

 

Yau za mu taɓo wata magana da mun san ba za ta yi ma wasu daɗi ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganar kuwa ita ce ta ƙiba, da irin kallon da muke yi mata a ƙasar nan tamu.

Kowa ya san irin gaisuwar da muke yi. Mutum ya yi shekara biyu bai zo gida ba, ranar da ya sauka a tasha, wuya ya cika, tumbi ya turo riga, sai ka ji ana cewa: "Kai, Alhaji, ka samu duniya!" Amarya ta yi wata shida a ɗakinta, in ta zo ganin gida tana nan yadda aka kai ta, sai tsofaffi su shiga ƙus-ƙus: mijin nan ba ya riƙe ta da kyau. In kuwa ta dawo kumatu sun cika, zoben aure ya ƙi fita daga yatsa, sai guɗa. Babu mai tambayar ko tana iya tafiya daga gida zuwa kasuwa ba tare da haki ba. Babu mai tambayar Alhaji yaushe rabon da a auna mishi jini. Mun mayar da teɓa takardar shaidar arziki, mun mayar da ƙiba ma'aunin zaman aure. To mu dai a nan muna cewa wannan ma'auni ƙarya yake yi mana, kuma ya soma kai mutanenmu kushewa.

Mun san abin da za a fara jefo mana. Za a ce: ku ji ƴan boko! A ƙasar da ake auna hatsi da tiya, a ƙasar da rumbu ke ƙarewa tun kafin damina ta kankama, a nan ne za ku zo kuna mana wa'azin rage ƙiba? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Mun san inda son ƙiba ya samo tushe a zukatanmu. Damargu ita ce rumbun Abzin tun zamanin ayari; Buzaye na saukowa da raƙuma su ɗauki hatsinmu, su kai shi har Bilma su musanyo gishiri da dabino. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya ratsa nan a watan Janairun 1851, ya shaida albarkar noman ƙasar a rubuce. Amma wannan rumbun ya sha gwada mana gindinsa. Kakanninmu sun ba da labarin Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, sun ga ta 1984 da ake ce ma El Buhari. Mu kanmu mun ga 2005, mun ga 2010. Al'ummar da ta ga haka, ba abin mamaki ba ne in ta ɗauki rama a matsayin inuwar mutuwa, ta ɗauki ƙiba a matsayin tsira.

Sai dai fa ku leƙa cikin gidajenmu na gari ku gani da idonku. A gida ɗaya za ka tarar da maigida mai hawan jini, uwargida mai ciwon sukari, ga kuma yaro ɗan shekara biyu da ake kai shi likita ana auna dantsensa da ɗan zaren nan mai launi uku. A Nijar fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, kuma jiharmu ta Damagaram tana cikin waɗanda abin ya fi tsanani. A gefe guda kuma, binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2007 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin uku na manya yana da hawan jini, wanda muke ce ma tansiyo. Cuta biyu ke nan a ƙarƙashin rufi ɗaya. Kuɗin da ke tafiya a sukarin shayin baba da lemun kwalbar inna, su ne kuɗin ƙwai da wake da nonon yaron. Saboda haka maganar ƙiba da maganar yunwa a Damargu magana ɗaya ce: yadda ake raba abin da Allah ya hore a cikin gida.

Akwai kuma wani abu da ya kamata duk ɗan Damargu ya sani. A ƙasar Holan an yi wata yunwa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga 1944 zuwa 1945. Likitoci suka bi sawun yaran da ke cikin ciki a lokacin har suka girma. Abin da aka gano shi ne, sun fi sauran tsaransu kamuwa da ciwon sukari da ciwon zuciya. Jikin da ya tashi cikin ƙarancin abinci yakan koyi tattali, ranar da ya samu wadata sai ya kasa ɗaukar ta. To ku lissafa. Waɗanda aka haifa a 1984 yanzu sun haura shekara 40, su ne ƴan kasuwarmu, direbobinmu, ma'aikatanmu da matanmu na gida. Ƙibar da wani zai ɗauka ya kwana lafiya, mu tana iya kayar da mu da wuri. Tarihin yunwarmu dalili ne na ƙara yin hattara.

Mu faɗi kuma da wa muke. Ba mu magana da makiyayin Tenhiya da ke bin raƙuma tun asuba har faɗuwar rana. Ba mu magana da matar ƙauye da ke jan guga a rijiyoyinmu masu zurfin gaske, ta dawo ta yi sussuka, ta yi daka, ta ɗauko itace. Waɗannan abinci suke buƙata a ƙara musu, da hutu. Da mu mutanen gari muke: mai shago da ke zaune kan tabarma daga safe zuwa isha'i, ma'aikacin da ke kan kujera, direban da ke bin hanyar Damagaram zuwa Agadas, matashin fada, da Hajiyar da ke da ƴan aike uku.

Me ya canza? Na farko dai ƙafa ta mutu. A da mutum zai taka daga ƙauyensu zuwa kasuwa ya dawo, bai ɗauke shi komai ba. Yau masallacin da ke bayan gida sai an tada moto. Sayen katin waya sai kabu-kabu. Saurayi ɗan shekara ashirin ya fi ganin mutuncinsa a kan Kasea da a kan ƙafafunsa. Injin niƙa ya sauke ma mata wahalar daka, famfo ya rage ta rijiya, kuma mun gode Allah da haka. Babu mai hankalin da zai ce a mayar da mata bakin turmi don su rame. Amma gaskiyar ita ce, aikin ya tafi, kwanon bai ragu ba. Cikin da aka saba cika shi don a yi noma, yanzu ana cika shi don a zauna a danna salula.

Na biyu, tukunya ta canza. Mun soma jin kunyar hatsinmu. Baƙo in ya zo aka ba shi tuwon hatsi da miyar kuka, sai a ga kamar an wulaƙanta shi. Sai shinkafar waje, fara sol, an tsiyaya mata mai har yana kwanciya a gindin kwano. Da safe burodi da fanke, da rana taliya, da dare shinkafa. Alhali duniya ta juyo tana neman abin da muke rainawa: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum don girmama gero da danginsa, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya. Hatsi ya fi farar shinkafa dusa mai gyara ciki, ya fi ta sinadarin ƙarfe mai gina jini, yana kuma riƙe ciki ya daɗe. A 2018 ma an fitar da wani iri mai suna Chakti a nan Nijar, wanda aka inganta don yawan sinadarin ƙarfe. Mu da muke zaune a kan rumbun, mu ne muke sayar da tiyar hatsi mu sayo makaroni.

Ga mai, ga dunƙulen miya. Mai ya ninka sukari da tsaki ƙarfi fiye da sau biyu: babban cokali ɗaya na mai, kafin jiki ya ƙone shi sai an yi tafiyar kusan rabin awa. Ku tuna ludayi nawa ake zubawa a shinkafa da wake. Dunƙulen Maggi da ire-irensa kuwa, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa duk abin da ya ci. Mu kuwa a tukunya ɗaya za a jefa dunƙule huɗu, a ƙara gishiri, a kawo yaji mai gishiri a gefe. Daddawar da iyayenmu ke ɗanɗana miya da ita ta koma abin ƙauyanci. In jini ya hau, sai mu ce tunani ne ko aikin maƙiya.

Sai uban gayya, shayi. Kada ƴan fada su ce mun tsokane su. Mu ma ƴan fada ne, mun san daɗin na farko da na biyu da na uku. Amma mu yi lissafi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12, in kuma zai iya tsayawa a 6 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya ta kai ƙaramin cokali guda. Yau da dare, in mai haɗa shayi ya ɗauko kwali, ku ƙirga ƙwaya nawa ke shiga buta daga na farko zuwa na uku, ku raba da yawanku, sannan ku ninka da yawan zaman da kuke yi a yini. Ku ƙara da sukarin koko na safe, da wanda ake barbaɗa ma hura, da lemun gwangwani wanda guda ɗaya ke ɗauke da wajen giram 35. Ba sai mun faɗa muku amsar ba. Shayin bai da laifi, hirar ba ta da laifi. Sukarin ne ke cin mu muna cewa mu ke shan shi.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ɓata mana rai: ƙwayoyin ƙiba. A ranar kasuwa, a kan tire ko a bayan keke, cikin zafin rana, ana sayar ma ƴan mata da amare ƙwayoyin da wasu ke kira "sha ka fashe". Mafi yawansu iri biyu ne. Akwai maganin ƙaiƙayi da mura da ake kira siproheptadin, wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. A ci, a kwanta, a tashi, a ci. Akwai kuma deksametazon, wanda ake taƙaitawa da deksa, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi don cututtuka na musamman. In aka sha shi wata da watanni, fuska ta kumbura ta yi zagaye kamar faifai, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance. Sukarin jini ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, fata ta tsage, garkuwar jiki ta faɗi har ƙaramin ƙurji ya zama gyambo. Wannan kumburi ne, jama'a, kuma cuta ce aka sayo da kuɗi aka kai ɗakin amarya. Abin takaici, sau da yawa uwa ce ko gwaggo ke sayowa, wai don kada ɗiyarta ta ji kunya ranar buki.

Wadda ta riga ta daɗe tana shan deksa, don Allah kada ta yanke shi rana ɗaya saboda ta ji wannan magana. Jiki ya saba da shi, yankewa farat ɗaya na iya jefa mutum cikin hatsari. Ta je likita ta faɗi gaskiya, a rage mata sannu a hankali.

Kuma kada maza su noƙe su ce wannan sha'anin mata ne. Wa ake yi ma? Wane ne ke zama a fada yana yaba matar wane don ta cika ƙofa? Wane ne ke ce ma matarsa ta zama kamar karan dawa, ya yi mata barazanar kishiya? Wace uwar miji ce ke auna surukarta da ido kamar tunkiyar layya? Muddin muna yi ma ƴaƴanmu mata kallon dabbar turke, mai tiren ƙwaya ba zai rasa ciniki ba. A wasu sassan ƙasar nan da maƙwabta an san al'adar ɗura ma yarinya nono da hura har ta cika kafin aure. Mu da muke cewa mun waye, mun bar ƙwarya mun koma ƙwaya. Wace wayewa ce wannan?

Ɗaya gefen kuma ga ƴan damfarar rama. A Facebook, TikTok da WhatsApp kullum ana tallar shayin narkar da teɓa, da ɗamarar matse ciki, da garin da wai zai zubar da kilo goma cikin mako guda. Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗen gudawa suke sawa ko yawan fitsari. Ruwan jikinka ne ke fita, kitsen yana nan daram, ƙodarka ce ke shan wahala, jikkunanka kuma sun tafi. Mai sayar da ƙwayar ƙiba da mai sayar da shayin rama uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: dukansu suna cin abinci da rashin yardarmu da jikinmu. Ragewar da likitoci suka yarda da ita ita ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Abin da ya taru cikin shekara goma ba ya watsewa cikin kwana bakwai.

Mai ganin abin wasa ne, ya tambayi gidan da aka yi jinyar shanyewar ɓarin jiki, ko gidan da aka yanke ma wani ƙafa saboda ciwon sukari. Daga Tanut zuwa babban asibitin Damagaram kusan kilomita 150 ne. Na Belbeji da ƙauyukan Tarka kuwa sun san tasu wahalar hanyar. Kuɗin mota, kuɗin awo, kuɗin magani kowane wata har ƙarshen rai. A sayar da tumaki, a sayar da saniya, a jinginar da gona. Teɓar da aka yi ma kirari da arziki, ita ce ke cinye arzikin. Rigakafi ya fi magani, balle ga wanda maganin ya yi ma nisa.

To mene ne abin yi? Ba mu ce kowa ya sayi sikeli ba. Ɗauki igiya, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai wajen cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, alhamdu lillahi, ka riƙe haka. In ya ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, domin ƙa'idar ita ce kada zagayen ciki ya wuce rabin tsawon mutum. Kitsen ciki kuwa shi ne mafi sharri, shi ke kewaye hanta da hanji yana buɗe ƙofa ga sukari da tansiyo. Wannan awo bai buƙatar ko dala. Mai juna biyu ba ta cikin wannan lissafi.

Sai kwano. Ba mu ce a bar tuwo ba, amma malmala uku ta koma biyu, miya da ganye su ƙaru. Tuwon hatsi ma in ya yi yawa ƙiba yake sawa, hura ma in an cika mata sukari ta tashi daga abinci ta koma alewa. A dama ta da nono a sha yadda kakanni suka sha. A rage surfe mai tsanani da ke kwashe dusar gaba ɗaya a ba awaki. Muna ba dabba mafi amfanin, muna cin saura. A auna mai da cokali, a daina tsiyayawa daga bakin jarka. A raba dunƙule biyu, a dawo da daddawa. Mai shayi ya rage ƙwaya ɗaya wannan mako, ya ƙara rage ɗaya mako mai zuwa. Harshe yana sabawa. Ƙishirwa kuma ruwa ne maganinta. Kuma tunda yawancinmu kwano ɗaya muke ci, babba ya koyi janye hannu kafin ciki ya ɗaure, nama da wake su gangara gefen yara. Al'adar da ke ba maigida tsoka, ta bar ma yaro romo, ita ma tana buƙatar gyara.

Za a ce abincin lafiya sai mai kuɗi. A Yamai wataƙila, inda ake sayen tufa daga waje. A Damargu fa? Wake namu ne. Zogale, yakuwa, tafasa, lalo, kuɓewa da kuka namu ne. Jiga, aduwa, magarya da ɗanya suna dajinmu. Hanza da muke tunawa da ita sai in yunwa ta zo, in an jiƙa ta an fidda ɗacinta yadda ya kamata, abinci ce mai gina jiki. Ƙungiyar Eden ta yi shekaru tana aiki a Dalli, kusa da Tanut, kan waɗannan itatuwa da ke ba da abinci ba tare da ban-ruwa ba. A lokacin sanyi kuma ga kabeji, karas, tumatir da salati na masu lambu suna araha. Kwanon dambun zogale da ƙuli-ƙuli bai kai kuɗin lemun kwalba biyu ba. Abin da ke hana mu ci shi ne girman kai: mun laƙaba ma waɗannan suna abincin talaka.

Sai ƙafa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga babba shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. A Amurka an yi wani babban gwaji da mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka bayyana sakamakonsa a 2002. Waɗanda aka sa su gyara cin abinci, su yi tafiyar minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, hatsarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo shida ke nan da ɗan kai. Babu wanda ya ce ka koma kamar sanda.

Mun san zafin ƙasarmu. Ba mu ce a fita da tsakar rana a watan Afrilu ba. Bayan sallar asuba akwai sanyi, bayan la'asar rana ta yi laushi. A bar moto a gida a taka zuwa masallaci, zuwa shago, zuwa gaida dangi. Mai gona kusa da gari ya riƙa zuwa da ƙafa ya kama hauya da kansa, kada ya tsaya a inuwa yana nuna ma ƴan ƙwadago da baki. Matasa kuma, ina langa? Ina kokowar dandali bayan girbi? Ƙasar da ke gasar takobi tun 1975, ƙasar da ke tsayawa cik in ana kokowa, bai kamata samarinta su zama ƴan kallo kawai a waya ba.

Kuma mu daina dariya. In dattijo ya fito da sassafe yana tafiya da sauri, sai a ce motarsa ta lalace ko talauci ya kama shi. In saurayi na gudu, sai yara su bi shi da "wa ya biyo ka?" In mace ce kuwa, sai a ɗora mata zance. Matan unguwa su haɗu su uku su huɗu, da hijabansu da mutuncinsu, su taka tare. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida, ta karɓi tsintsiya daga hannun ƴar aike. Maigida, matarka in ta nemi izinin wannan, lafiyar uwar ƴaƴanka take nema. Ka ba ta, in da hali ma ka raka ta.

Azumi ma ya kamata mu duba. Wata ne da ya dace jiki ya yi sauƙi, amma da yawanmu muna fita daga cikinsa mun fi yadda muka shiga nauyi, saboda da an kira magariba sai ƙosai, fanke, soyayyen dankali, lemu mai sukari da kunu mai sukari, duk a zama ɗaya. A buɗe baki da dabino da ruwa, a yi salla, a ci abinci a natse. Mai ciwon sukari da ke shan magani kuwa ya ga likita tun kafin watan ya kama.

Mu ƙara da gargaɗi, kada a juya mana magana. Ba mu ce rama ita ce lafiya ba. Wanda ke ramewa ba tare da ya nema ba, musamman in yana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko tari ya ƙi ƙarewa, ya hanzarta zuwa likita. Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage abinci ba ne gare su. Kada kuma wani ya ɗauki wannan rubutu ya je yana yi ma mai jiki gori. Akwai wanda halittarsa ce, akwai wanda magani ko haihuwa suka kawo mishi, kuma gori bai taɓa rage ma kowa ko giram ɗaya ba. Al'adar muke yaƙa, mu kanmu muna cikinta.

Muna kira ga magadan gari da hukumomin lafiya na gundumomin nan biyu da su sa ido kan masu tallar magani a kasuwanni, domin deksa ba gyaɗa ba ce da za a auna ma yarinya a takarda. Muna kira a riƙa fitowa da abin awon jini da na sukari a ranakun kasuwa, yadda ake fitowa don allurar rigakafi. A keɓe filayen wasa kafin a yanka su a sayar. Sarakunanmu da malamanmu su sa baki, domin kalmarsu ta fi tamu isa cikin gidaje. Shugabannin fada kuma su fara da butarsu.

Mu kuwa da muka rubuta wannan, mun gwada igiyar kafin mu ba ku shawara, kuma ba dukanmu ta haɗu ma ba. Gobe bayan asuba za mu ajiye makullin moto mu taka. Duk wanda ya gan mu a hanya, kada ya tambaye mu ko mai ya ƙare. Ya sa takalminsa ya biyo mu. Wanda ke ganin mun yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu saurara. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunan Damargu.